Shekara Ashirin da Uku a Bakin Ƙofa

Bas ɗin biyar da rabi ya tsallaka gadar Capibaribe,
kogin ya yi kalar shayin da aka manta a kofi.
Ni Edileuza, mai wankin zannuwan asibiti,
na rungume sabuwar jaka kamar jaririn maƙwabciya.
Hannuna bai daina warin bilic ba.

Shekara ashirin da uku ke nan
da na ajiye biro na ce bari in je in dawo.
"In je in dawo" ya haifi 'ya'ya uku,
ya binne uwata, ya sallami miji,
ya bar mini furfura a saman kunnen hagu.

A ƙofar kwaleji maigadi ya miƙe da ladabi:
"Malama, ofishinku yana sama."
Na ce ɗaliba ce.
Ya dubi katina, ya dube ni, ya sake duban katin,
kamar ɗan canjin da aka miƙa wa tsohon kuɗi.

A zamanina allo baƙi ne, alli yana shiga hanci.
Yanzu darasi yana cikin waya,
wayar kuma sai da kalmar sirri.
Sau huɗu ta kore ni.
Wani yaro, Jadson, mai ƙarfe a gira,
ya karɓa, yatsa biyu, ya buɗe.
Sa'an ɗana na biyu ne. Bai yi dariya ba.
Na riƙe masa wannan.

Na ɗauka ni kaɗai na zo da kaya.
Ashe kowa da tulunsa, gammo ne ya bambanta.
Jadson yana kai wa mutane abinci a keke har biyun dare,
sai ya zo darasin ƙasusuwa ya yi barci, baki buɗe.
Tainá da ke gabana daga gonakin rake ta zo,
su shida a ɗaki, katifa uku.
Da rana takan ce ta ƙoshi,
cikinta yana ƙaryata ta a bainar jama'a.
Tun ranar nake zuba wake da shinkafa da garin rogo
a kwano biyu.
Na ce mata likita ne ya hana ni cinyewa.
Ta san ƙarya ce.
Washegari ta zo da cokalinta.

Jarrabawar farko na ci huɗu cikin goma.
Na kulle banɗaki, na saki famfo,
na yi kuka irin na manya, wanda ba ya ƙara.
Ƙashi ɗari biyu da shida a jikin mutum,
kowanne da suna mai tsawon layin banki.
Ni kuwa ta wata ƙofar na san jiki:
na san jinin da ba ya fita sai da ruwan sanyi,
na san zanen wanda ya tashi
da zanen wanda bai tashi ba.
Ba a tambayi wannan ba.

Goma ga wata kuɗin makaranta ke ƙwanƙwasa ƙofa.
Goma ga wata mai gidan haya ma.
Ina auna su a tafi kamar mangwaro biyu,
in ga wanda zai yi sati bai ruɓe ba.

Jiya, daren hutuna, ruwa ya ci unguwarmu, wuta ta ɗauke.
Autata Cleide ta haska mini fitilar waya,
tana tambaya, ina amsawa,
ƙafafunmu a naɗe bisa kujera
don ruwan ya kai idon sawu.
"Wannan ƙashin fa?" Ta taɓa ƙeyata.
Na faɗa. Ta duba littafi, ta daɗe.
"Kin ci, Mama.
Sai dai in kin zo rubuta shi, ki ji tausayinsa."

Gobe da bakwai akwai wata jarrabawar.
Takalmina yana saman firji, bai bushe ba.
Tainá ta turo saƙo:
wai in ƙara barkono.