Akwatin Madaci

Shekara goma sha tara ina yanka katako a Jekadafari,
ina auna cikin akwatin sauti da tafin hannu.
Mu huɗu ne a shagon. Da mu tara ne.
Sunan kamfanin yana nan jikin allo,
rana ta cinye rabin haruffan.

Na san halin madaci, na san na filawud.
Madaci yakan riƙe murya a ƙirji,
filawud kuwa sakin baki gare shi kamar ɗan tsegumi.
In ina naɗa wayar tagulla,
kunnena ke cewa tsaya, kafin mita ta yi magana.

Jiya Alhaji Gidado ya zo daga Tumfure.
Ni na haɗa masa rediyonsa ta farko, tun yana kan keke.
Ya ce ya gina sabon falo.
Yana so in jirgi ya tashi a talabijin
ya ji ya bi ta bayan ƙeyarsa,
in ruwa ya sauko a fim, ya ji shi daga silin.
Kuma kada ya ga waya ko ɗaya a ƙasa.
Ya nuna min hoto:
wata baƙar sanda, siririya kamar karan rake,
wai ita kaɗai tana aikin akwati bakwai.

Na ce, Alhaji, sauti jiki gare shi, yana son wurin zama.
Ya yi dariya.
Ya ajiye min kuɗin shayi.

Da dare na buɗe irinta, wadda aka kawo gyara.
Babu inda dalma za ta kama.
Wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar riɗi, mai ƙafa ɗari,
an goge lambarsa, an binne shi da gam.
Bappayo, yarona, ya bincika a wayarsa,
ya ce fasahar da mai ita,
sai ka biya da dala kafin ka taɓa.
Ya faɗi kuɗin.
Na ce sake faɗa.
Na kalli injin yanka, na kalli babur ɗina, na kalli rufin kwano,
duk na haɗa su a zuci, ba su kai gwiwar kuɗin ba.

Bara muka koyi sa bulutut.
Muka ci bashi, muka yi odar faifai hamsin daga Legas.
Kafin motar ta sauke kaya a tasha
wai an daina yayinsu.
Talatin da biyu na nan ƙarƙashin benci,
gizo-gizo ya yi musu labule.
Kullum muka iso mashaya, sai a ce ruwan ya koma gaba.

Yau da hantsi Hajja Dudu ta aiko jikanta daga Bolari
da akwati a baro, ƙura har cikin ragarsa.
Na juya bayansa, na ga rubutuna da fensir,
da ranar da na buga ƙusar ƙarshe.
Na marigayi mijinta ne.
Akwai kaset ɗin da ya yi mata daga Makka,
tana son ta sake jin tarinsa kafin ya yi sallama.
Waya ɗaya ce ta tsinke.
Na ɗiga dalma.
Muryar ta fito da nauyinta, har benci ya amsa.

Naira ɗari biyar na karɓa.

Bappayo ya tsaya ya saurara har ƙarshe,
sannan ya ce bayan sallah zai tafi Kano,
wani shago na neman mai sayar da baƙaƙen sandunan.
Ban hana shi ba.
Na miƙa masa zarto na ce,
kafin nan, riƙe min bakin katakon nan.