Digiri Arba'in da Biyar

Garwa, watan huɗu.
Tun kafin azahar kwalta ta yi laushi,
masu babur sun fake gindin dalbejiya,
Binuwai ta janye jiki ta bar rairayi yana ƙyalli.
Ni ina ciki da safar hannu,
ina ɗumama ruwa
don in auna haƙurin abin da ido ba ya gani.

Faranti goma sha biyu,
kowanne faɗin murfin kwalbar man shafawa.
Ƙwayoyi ne ciki, sun lafe a ƙasan gilashi,
suna shan jan ruwan da muke dama musu,
suna rabuwa biyu-biyu ba hayaniya
a talatin da bakwai, ɗumin hammatar mai lafiya.

Jiya na ɗebi huɗu na ɗanɗana musu arba'in da biyu,
awa guda, na mayar da su makwanci.
Huɗu na bar ruwansu ya yi tsami,
jan ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa.
Huɗun ƙarshe 'yan lele ne,
ko tari ban yi kusa da su ba.

Yau duka sun shiga arba'in da biyar.
Hamajam na riƙe da agogo,
yana ƙirga mintoci da Fillanci a ƙasan maƙoshi,
yana roƙon kada a ɗauke wuta.
Ba a ɗauke ba.

Sai jira. Kwana goma.

Ran na goma muka zuba shuni, muka ɗauraye,
muka ɗaga faranti saitin taga.
Na tsami: fayau, kamar an lashe.
'Yan lele: ɗigo bakwai, ɗigo tara,
kamar gero ya zube a hanyar kasuwa bayan kaji sun wuce.
Waɗanda suka gaisa da zafi tun jiya kuwa,
cike, zabuwa guda,
na ƙirga har idona ya yi ruwa.

Na tuna Goggo Dudu a bakin tanda.
Da yatsa take juya waina idan cokali ya ɓace.
Na taɓa kwaikwayonta ina ɗan shekara shida,
har yau tabon yana nan.
Ta ce wuta sai an fara kai mata gaisuwa.
A littafi an ce wani furotin ƙwayar ke tarawa
mai tallafe 'yan uwansa kada su narke.
To. Goggo ba ta karanta ba, ta dai soya.

Na yi dariya, na kira Malama Iyawa ta gani.
Ta gyara tabarau, ta daɗe a kan farantin.
Ta ce, Julɗe, murnar me kake yi?
Ka manta daga ina aka samo kakanninsu?
Daga ƙari. Daga ciwon daji.
Wannan da kake yabo
shi ne zai tashi bayan an gasa majinyaci,
ya karkaɗe riga ya ci gaba da cin mutum.

Na yi shiru.
Goggo ma ƙarin ne ya ɗauke ta, a nono,
damina uku ke nan,
yatsun nan masu gagara wuta suna rawa a kan zane.

Malama ta ce akwai sauƙi ɗaya: suna mantuwa.
Bar su kwana huɗu ko biyar a ɗuminsu,
taurin ya sake, su dawo 'yan lele.
Shi ya sa ba a maimaita gashin da gaggawa.
A bari su manta,
sannan a koma.

Na rubuta a littafi: tsami na karya su,
gaisuwa na ƙarfafa su, hutu na sa su sakaci.
Na sa kwanan wata. Hannuna bai yi kyau ba.

La'asar na fito.
Kujerar babur ta wuni a rana,
na ɗora tafi a kai, na ɗaga,
na sake ɗorawa,
sannan na hau.