Inuwar Da Ba Ta Motsi

Wata bakwai ina gina Birni a cikin kwamfuta,
lungu bayan lungu, dutse bisa dutse.
Na sa yaro mai kurar ruwa yana gudu a ciki,
jarka goma, kada ɗaya ta zube
kafin ya kai Zango.
A kan injin ofishinmu
wasan yana sulɓi kamar miyar kuɓewa.

Sai Kiyari ya kawo tasa.
'Yar gwanjo ce, ta sha hannu uku,
an ɗaure murfinta da robar taya,
haruffa biyu sun faɗi tun bara.
Na zuba wasan. Muka jira.
Shayin farko ya dahu, ya huce.
Yaron ya ɗaga ƙafa ɗaya,
ya tsaya cak kamar zalɓe a bakin tafki,
fankar ciki tana haki,
jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

Kiyari ya ce, “Masu kuɗi ka yi wa wasa.”
Bai ƙara ba, ya kurɓe kofinsa.
Maganar ta kwana a ƙirjina.

Da safe na wasa wuƙa.
Tattabaru ɗari uku na saka a sama, na bar tara.
Dogon-yaro mai ganye dubu,
na aske shi, na manna masa hoto.
Duwatsun da na yi dare arba'in ina sassaƙa,
kowace tsaga da ƙadangarenta,
na mulmule su kamar curin fura.
Gidan da ke nesa, ban da zana shi sai an matso.
Abin da ke bayan yaro, babu shi,
sai ya waiwaya duniya ta dawo da sauri
ta tsaya kamar ba ta je ko'ina ba.
Ruwan jarka ya daina ɗaukar hoton sama.

Lamba a kusurwa tana ƙirga hotunan daƙiƙa:
bakwai. Sha biyu. Sha tara.
Aka ɗauke wuta.
Batirin Kiyari minti ashirin ne ransa,
na ƙarasa lissafi a bayan takardar kuɗin ruwa,
gumi yana ɗiga a kan sifiri.

Saura inuwa.
Ita ce mai cin rabin tukunya.
Na rufe ido na kashe ta.

Talatin!
Kura ta sheƙa, ta sha kwana, ta wuce Kasuwar Dole,
tsohuwar kwamfuta ta tuna ƙuruciya.
Kiyari ya buga cinya har ya zubar da sukari.

Habsu, ƙanwarsa, shekara tara,
ta karɓa, ta yi lungu huɗu, ta ɗage hannu.
“To ina zai huta?”
Muka dube ta.
“Baba idan ya turo kura daga famfo,
gindin itacen Malam Mutari yake tsayawa.
Wannan garin naka rana ce zalla.
Ko kare ba zai zauna ba.”

Ban da amsa. Na duba:
gari fes, bango fes,
kowa yana yawo ba abin da ke binsa a ƙasa
kamar taron aljanu.

Daren nan ban kunna inuwar gaskiya ba,
injin ba zai ɗauka ba.
Baƙin tabo na shafa da hannu
a gindin itace ɗaya,
ba ruwansa da inda rana take,
hantsi da la'asar yana nan inda na bar shi.
Ya ci mini hoto guda. Ashirin da tara.
Na biya.

Habsu ta dawo daga lakwal,
ta tura yaron har wurin,
ta jingine kurar, ta naɗe hannu.
Agogon wasa yana cin lokacinta,
Kiyari yana cewa, “Ke, za ki faɗi!”
Ta ce, “A bari ya sha iska.”

Fankar ma ta sassauta.
Muka ji ladan daga Garin Malam,
wanda ban saka a wasan ba.