Jan Mai

Tun daga Ajiwa take kuka,
kukan akuyar da aka ɗaure a rana.
In na karya hagu ta yi ƙara,
in na karya dama ta yi gurnani,
sitiyari ya ƙage kamar ƙyauren da damina ta kumbura.
Kwando ashirin na tumatir a bayana,
kafaɗuna na ci da wuta a kan hanya.

Na lallaɓa ta har Ƙofar Ƙaura,
gindin dalbejiyar Sada bakanike.
Yana cin rogo da ƙuli, bai ko tashi ba.
Ya ce, Juya in ji.
Na juya. Ya ajiye rogon.
Ya ce, Ƙishirwa ce, Mannir, famfo ya sha iska,
ka bar ta a bushe tun shekaranjiya.

Ya ɗaga bonet, ya kwance murfi,
ya tsoma yatsa, ya fito da kumfa
baƙa, mai ƙaurin ƙanzo.
Ya aiki yaro shagon Ɗan Mashi,
yaro ya dawo hannu rabbana:
man sitiyari ya ƙare, sai Litinin daga Kano.
Sai ga Sada da gora a hammata,
ja wur kamar zoɓo. Ya ce, Man giya.

Na ce, Haba Sada, na giya a sitiyari?
Ai kowa da gidan ubansa.
Ya goge murfin da bakin rigarsa,
ya bi haruffa uku da baƙin farce:
Karanta. Tsohuwar nan shi ta sani.
Amma kar ka je ka ɗura wa ta Alhajin layinku,
sabuwar nan mai ƙyalli,
kowace mota da abin da cikinta ke karɓa.
Ka ci mata robobi, ta kama yoyo,
ka zo kana zagina a zuciya.

Ya zuƙe tsohon da tiyo, ya tofar,
ya tsiyaya jan a hankali
kamar mai ba jinjiri ruwa a cokali.
Ɗaga gaba da jak. Juya har ƙurya.
Koma. Sake. Kar ka danne shi a can.
Kumfa na tasowa tana mutuwa.
A juyi na tara kukan ya koma tari,
a na sha biyu, tsit,
sai numfashin inji da kiran la'asar,
ni kuwa da yatsa ɗaya ina juya taya.

A hanyar kasuwa Kawu Rabe ya faɗo mini,
mai motar nan kafin ni.
Ina shekara shida aka kai ni gidansa
da kaya a leda, silifas ɗaya ya tsinke.
Ba shi ya haife ni ba, unguwa ta sani,
takan tuna mini in na manta.
Shi ya ɗora hannuna a wannan sitiyari,
ina tsaye tsakanin gwiwoyinsa,
yana taka mai, ina kwasar kwana,
haɓarsa a kaina tana warin goro.
Ban taɓa jin bakinsa ya ce maraya.

Ranar rabon gado aka karanta sunaye,
babu nawa, kuma haka shari'a ta ce.
'Ya'yansa suka ce motar ta zama nauyi.
Na saye ta bashi, har yau ina biya.

Tumatir ya faɗi ranar nan,
da ƙyar na fid da kuɗin mai da na Sada.

Yanzu kowane dare kwali nake shimfiɗa mata a ƙasa,
yadda ya ce, don a ga ko tana zubarwa.
Da asuba in durƙusa da fitilar waya.
Kwana goma sha ɗaya ke nan
kwalin na fitowa fari fat.
Ta riƙe abin da aka ba ta.
Ban sani ba ko zai kai mu bazara,
yau dai mun je Mani mun dawo lafiya.