Kukar Gidado

Ranar da aka sare kukar bakin titin Bolari
rana ta biyo ni har cikin kaskon awara.
Damina biyu ina suya tsakanin wuta biyu.

Sai ga Gidado mai walda,
baƙin gilashi a goshi, baro cike da tarkace.
Ya kafa rodi inda kututturen ya ruɓe.
Ya ce, "Adda Jebbu, zan dawo miki da inuwarki."
Na ce, "Da me? Da bola?"
Ya ce, "Da ita fa."

'Yan jari-bola suka yi ta juye masa:
gindin daro, marfin tukunya,
ƙofar keke napep ruwan ɗorawa,
butocin da suka gaji da alwala,
silifa ƙafar hagu, ɗari ba ɗaya,
ba wadda ta san inda 'yar'uwarta ta kwana.

Ya wanke su da omo kamar kayan biki.
Ja gefe guda, shuɗi gefe guda,
kore ya ce a adana masa, na ganye ne.

Wata bakwai tartsatsi na tashi.
Masu wucewa na cewa ya taɓu.
Malam Bappayo ya tsaya, ya ɗaga kai
har hularsa ta faɗi,
ya ce, "Itace dai ba ta da fuska. Ci gaba."

Yau ta wuce falwayar lantarki tsawo.
In iska ta taso daga wajen Tashar Dukku
marafan kwalba dubu sukan kama surutu
kamar mata a gidan suna.
Belbela ta zo, ta zagaya sau uku,
ba ta yarda ba. Ta tafi.
Jiya ta dawo da tsinke a baki.

Ni kuwa ina cikin tsame awara
idona ya kai reshe na uku:
langa mai furen ja, baki a ɓantare,
da tabon ƙuna inda Inna ta manta ta kan murhu.
Ni na sayar da ita bayan sadakar arba'in,
naira hamsin, kan sikeli.

Ban gaya wa Gidado ba.
Na dai matsar da bencina kaɗan,
don in azahar ta yi
inuwar langar nan takan sauka
daidai kan cinyata.