Jan Layi a Jikin Katako

A kasuwar shekara ta garin Viseu
rumfata na daf da lilon ƙarfe,
nan nake gasa sardin.

A bakin ƙofa akwai katako mai jan layi:
wanda kansa bai kai nan ba, ba ya hawa.
Tomé ya zo ya yi ɗage,
ya miƙe wuya kamar zakara zai yi cara.
Uwarsa Noémia ta gani, ta yi dariya:
"Saura ƙiris, ai ƙiris ba ya kisa."
Baltasar ma ya gani,
amma jama'a na jira, hadari na haɗowa.
Ya tura sakata,
bai tsaya jin shigarta ba.

A zagaye na uku
kujera ta dawo ba kowa.

Abin ya zo da sauƙi: kan tantin mai alewa ya faɗo,
hannu ɗaya ya karye.

"Injinka ne!"
"Ɗanki ne!"
"Na biya ka ka tsare shi."
"Yuro uku kika biya, ba ni na haife shi ba."
Ɗan sanda na rubutu, yayyafi na cin takardar.

Ni ba wanda ya tambaye ni.
Na ga dugadugan nan biyu ba su taɓa ƙasa ba,
har na buɗe baki,
sai wani ya ce a ba shi kifi biyu da burodi.

Da safe na tsinci takalminsa bayan rumfa,
warin hagu, igiyar a kwance.
Yana nan kusa da akwatin kuɗina.