Harafi Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Unguwar Rimi,
janareton maƙwabta ya yi shiru,
saura ni da hasken kwamfuta
da lissafin cittar Malam Jatau.

Buhu ya taso daga Kachiya da nauyi kaza,
ya iso Kaduna da nauyi kaza.
Aikina in faɗi tazarar da ke tsakani.
Ragi ne ko ƙari, ba ruwana,
nisa kawai nake nema daga sifiri.
Wanda ya taka daga Kawo zuwa Kakuri
da wanda ya tako daga Kakuri zuwa Kawo,
gajiya ɗaya suka kwasa.

Sai manhajar ta ce: sifiri.
Buhu ɗari huɗu, sifiri, sifiri,
kamar ko saiwa ɗaya ba ta motsa ba.
Malam Jatau kuwa ya girgiza kai:
"Tabawa, kafaɗata ta san buhu
tun kafin a haifi na'urarki."

Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Can na gan shi. Abs na rubuta,
wanda bai san kowa ba sai cikakkiyar lamba.
Miƙa masa sifiri da ɗigo bakwai,
ya sare wutsiyar, ya miƙo maka sifiri,
ko kunya babu.
Fabs ake so. Harafi ɗaya tal a gaba.
Shi ke riƙon amanar abin da ke bayan ɗigo:
ya goge alamar ragi daga goshin lamba
ba tare da ya taɓa sauran jikinta ba.

Na ƙara shi. Na danna.
Ɗigo bakwai, ɗigo huɗu, ɗigo tara,
suka yi ta fitowa kamar shinge bayan ruwan farko.
Da na tara su, kusan buhu huɗu.

Da safe zai tambaye ni, na sani:
rana ce ta shanye, ko sikelin Kachiya ne,
ko hannun Bagudu direba?
Ni kuma da hannuna na goge alamar.
Lambata ta san nawa,
ba ta san ina ba, balle wa.

An fara kiran assalatu ta wajen kogi.
Na bar sunan Bagudu a waje,
na tura masa lambobin su kaɗai.